Ranar da Na Kai Surukina Bakin Teku

Gara in faɗa da bakina tun kafin wani ya faɗa a bayan idona. Shekara biyu cur na yi a Ankara, babban birnin ƙasar da yanzu ake ce wa Gana, ban taɓa taka bakin teku ba, amma duk wasiƙar da na aika gida sai na sa an rubuta cewa a tekun nake wanka kowace safiya. Lokacin ban iya rubutu ba. Aji ɗaya na yi a elementare ta Bungudu, malam ya ga kaina ba ya ɗauka, ni ma na ga haka, muka rabu lafiya. Wani mai rubuta wasiƙa ne a unguwarmu ta Nima yake yi min, shi kuwa halinsa ɗaya, in ka ba shi ƙarya tsirara sai ya sa mata riga da hula. Na ce ina wanka a teku, ya ƙara da cewa ɗakina yana kallon ruwa, iska tana shigo min ta taga. Ɗakin nan ko taga ba shi da ita, sai wata kafa da ɓera ya taimaka mana da ita.

Tsoro ne ya hana ni zuwa. Ina ɗan shekara bakwai na faɗa gulbi a mashigin Bungudu ranar kasuwa, na yi ta ihu ina shan ruwa, har wata mai tallar nono ta ce min in miƙe tsaye mana. Na miƙe, ruwa iya gwiwa. Mutanen garinmu Furfuri ba su manta ba har yau, ni kuma tun daga ranar ko rijiya ba na leƙawa.

Koren shanu ne ya kai ni ƙasar, a 'yan shekarun nan da Turawa suke shirin naɗe tabarmarsu. Ta arewa muka bi da ƙafa har Kumasi, daga nan na gangara Ankara na sami aikin ɗaukar katako a wurin wani kafinta. Na baro mai ɗakina da ciki a gidan mahaifinta a Tsafe. Ta haifi namiji, aka yi suna, ya yi rarrafe, ya tashi da ƙafarsa, duk a takarda nake ganinsa. Na aika roƙo a turo min su. Surukina falken goro ne, kowace shekara yana zuwa Kumasi saye, mutum mai ƙarancin magana da kaifin ido. Amsar da ya aiko gajera ce. Ba zai tura ɗiyarsa inda bai gani da idonsa ba, in ya gama sayen goro zai hau jirgin ƙasa ya zo ya kwana biyu, kuma yana son a nuna masa tekun nan da ake wanka a ciki. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har ta hau jirgi ta biyo ni.

Ya sauka a gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, da ya sani. Ya zo ya ga ɗakina, ya dubi kafar ɓeran nan, ya koma masaukinsa. Washegari Asabar na roƙi kafinta hutun yini. Tun da sassafe na tarar da tsohon a shirye, farar riga, rawani, baƙar laima, da sabon takalmi ja ɗinkin dukawan Sakkwato, wanda daga gani don wannan fita aka tanade shi. Ya ce a tafi tun da sanyi. Da muka biyo ta layinmu, mai koko ta kira ni ko ba zan karya ba yau, na ce mata na riga na ƙoshi. To ina zan tsaya ina kurɓar koko a gaban suruki? A wurinmu ko ruwa za ka sha sai ka juya baya. Shi ma dattijo kamarsa ba zai ci abinci a gaban mijin ɗiyarsa ba, balle ita ce ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce waccan. Ya ɓare goro ya jefa a baki, muka kama hanya, babu wanda ya sa komai a cikinsa.

Abokin ɗakina Bazabarme ne, shi na tambaya hanya a ɓoye. Ya ce in shiga mota in sauka babbar kasuwa, daga nan in bi iska. Iyakar ilmin da na fita da shi ke nan. Muka shiga motar katako, muka sauka kasuwa, na tsaya ina neman iska, babu ita, sai zafi da hayaniya. Mata ne ke mulkin kasuwar nan, kowace da malafa mai faɗin faifai uku, suna zaune a bayan tulin atamfa kamar hakimai. Surukina bai damu da su ba, sai da ya gano masu goro. Ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya shinshina, ya ce wannan a Gusau ko a tashar jirgi ba za a yi tallarsa ba. Mai goron Bahaushe ne, suka yi ta musu cikin daɗi, na samu na yi tunani.

Dabarar da ta zo min ita ce, mata masu sarin kifi suna zuwa bakin teku da kwano babu komai. In na ga mace da babban kwano wayam a kai, in bi ta kawai. Allah ya kawo wata, doguwa, tana sauri. Na ce Baba mu je ta nan. Muka bi ta lungu, muka bi ta kwana, muka tsallake kwata biyu, tsoho yana biye da laimarsa. Matar nan ta je ta dire kwanonta a gindin famfon unguwa.

Na ce, "Baba, na so ka fara ganin famfonsu ne."

Ya matsa, ya nemi izinin matan da ke layi, ya murɗa, ruwa ya zubo, ya rufe, ya sake murɗawa. Ya ce lalle abu ne mai kyau, da za a sami irinsa a Tsafe da mata sun huta da hawa da sauka. Fuskarsa ko motsi ba ta yi ba.

Hantsi ya yi, cikina ya fara kiran sunana. Na ji ana kirɓa sakwara a wata rumfa, na shirya a raina zan zaunar da shi a ciki, a kawo masa, ni kuma in ce zan je neman wani abu, in zagaya baya in sami nawa. Mai abincin katuwar mace ce da haƙorin zinariya, tana jin Hausa kaɗan-kaɗan. Ta yi mana maraba, ta goge benci da gefen zaninta, ta ɗaga murfin tukunya don mu ga arziki. Miyar gyaɗa ce, ƙamshinta har yau in na tuna sai yawuna ya tsinke. Ta tsoma ludayi ta ɗago, sai ga ƙafar ƙaguwa, da wani abu baƙi kamar dunƙulen hannu. Surukina ya leƙa ya tambaye ni ko dodon koɗi yake gani. Na ce shi ne. Ya ce a can gida yara ke wasa da gidansa, ashe nan mai gidan ake ci. Ya yi wa matar godiya sosai, ya sa mata albarka, muka fita. Ƙamshin nan ya raka mu har ƙarshen layi.

Daga nan muka faɗa wata unguwa mai benaye na katako, kowane da baranda, an shanya tufafi masu launi, garmaho yana tashi daga shagon tela. Ga mai ɗaukar hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ga mai aski ya zana kawunan mutane a allo. Tsoho yana tsayawa a kowace ƙofa yana kallo kamar ba shi ne mai ƙarancin maganar nan ba. Can sai ga taro ya cika hanya, 'yan badujala suna busa, mata suna rawa suna kaɗa hankici. Ya tambaye ni bikin me ake yi. Ni da na shekara biyu a garin, ai bai kamata in ce ban sani ba. Na ce auren ɗan wani attajiri ne, na ma san gidan. Ban rufe baki ba sai ga akwatin gawa a kafaɗar mutum shida, su ma suna taka rawa. Surukina ya ja gefe, ya sauke laimarsa har suka wuce, sa'an nan ya ce a hankali, "To, ga angon nan an ɗauko shi."

Kiran sallar azahar ne ya cece ni. Muka bi muryar ladan, sai ga mu a Sabon Zango, ko'ina Hausa ake yi. Bayan mun idar, a ƙofar masallaci akwai wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake, irin tasu ta can da ake dafawa da karan dafi ta yi ja, a zuba taliya da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji. Kallo ɗaya ta yi mana, ta ga ina tafiya taku biyu a bayansa ina riƙe masa laima, ta ce suruki ne ko? Ta yi dariya har da tafa cinya. Ta ce kakarta 'yar Magami ce ta can wajenmu, ta san wannan ciwon. Akwai ɗaki a ciki, dattijo ya shiga ya ci a sakaye, ni kuma a ba ni nawa a bayan katanga. Wallahi na ji kamar in durƙusa mata. Sai tsoho ya ce alhamdu lillahi, shi ya ƙoshi, a dai ba ni. Shi ya ce ya ƙoshi, ni zan ce ina jin yunwa? Na ce ai ni ma yanzun nan na tashi daga kan abinci. Ta dube mu ta ce ta ga masu azumi iri-iri, amma ba ta taɓa ganin na Asabar ba.

Ya zauna a bencinta duk da haka, ya shiga yi mata tambayoyi. Matan Hausawa a nan wa ke karɓar haihuwarsu, ina suke ɗibar ruwa, in mace ta yi rashin lafiya mijinta yana wurin aiki wa zai leƙa ta. Ta gane inda aka dosa. Ta ce in yarinya ta zo a kawo ta su gaisa, a nan ba a barin baƙuwa ita kaɗai, ko a Nima take akwai ƙanwarta a can mai sayar da tuwo. Ya saurara, yana gyaɗa kai, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Da ya tashi yana gaisawa da liman, na sunkuya na raɗa mata ta ina ake bi zuwa teku. Matar nan ta ɗaga ludayi sama, ta nuna kudu, ta ce da muryar da za a ji a Tsafe, "Teku? Ka miƙe nan, kada ka karkata, in ka ji ƙafarka ta jiƙe ka iso." Surukina ya duƙufa yana duba mariƙin laimarsa.

Muka miƙe. Gidaje suka fara ƙanƙancewa, hayaƙi ya yi yawa. Unguwar masunta ce, kowane gida da murhun ƙasa zagayayye kamar ƙaramin rumbu, an jera kifi ana banda, taruna a shanye a kan katanga. Sai ga iskar da Bazabarme ya faɗa, mai sanyi, mai danshi. Na fara jin wani ruri na ɗauka jirgin ƙasa ne, amma jirgin ya ƙi wucewa. Muka bi ta tsakanin gidaje biyu, sai ƙasa ta ƙare.

Ban san lokacin da salati ya fita daga bakina ba. Ruwa ne ya tashi daga gabanmu ya tafi har ya haɗu da sama, yana tasowa fari yana faɗuwa, yana ja da baya, yana sake tasowa, babu mai tura shi. Na ja da baya taku biyu. Tsoho ya daɗe a tsaye yana kallo, iska tana kaɗa rigarsa. Da ya buɗe baki, tambayata ya yi ina gaɓar wancan ƙetaren. Na ce yau an yi gajimare ne, amma ran da gari ya washe ana hango masu wanki a can.

Daga nesa manyan jiragen ruwa suna tsaye, ba sa iya matsowa. Ƙartai ne ke zuwa da kwalekwale suna sauko da kaya, suna tuƙi suna waƙa, igiyar ruwa ta ɗaga su sama ta dire su a kan yashi, su yi tsalle su ɗauke buhuna a ka. Falke ya ga fatauci, ya manta da ni. Ya yi ta lissafa yawan jakunan da za su ɗauke kayan kwalekwale ɗaya, ya kasa, ya yi dariya.

La'asar ta gabato, ya ce zai yi alwala da ruwan nan, malamai sun ce mai tsarki ne. Ya kafa laimarsa a busasshen yashi, ya tuɓe takalmi. Ni kuma don in nuna ladabi na karɓa, na nemi wuri mai kyau, na ga inda yashi ya yi sumul kamar an daɓe, na jera su a nan, kamar yadda muke yi a bakin gulbin Bungudu. A wurinmu gulbi yana tafiyarsa ne, ba ya fitowa ya ɗauki kayan mutane. Tsoho ya tsuguna, ya kamfato ruwa ya kurkure baki, ya furzar, ya ce wannan ai miya ce kuka kawai ta rasa. Yana cikin wanke hannu wata igiya babba ta zo, ya tattare riga ya yi baya da gudu kamar ɗan maraƙi. Ta wuce mu, ta shafe wurin nan mai sumul, ta koma. Na hango jan takalmi biyu suna tafiya ƙasar Turawa.

Har yau ban san wanda ya ba ƙafafuna umarni ba. Na dai gan ni a cikin ruwa. Igiya ta doke ni a ƙirji, ta kayar, ta mirgina ni kamar ana wanke gero, gishiri ta hanci ta baki. Na riga na fara kalmar shahada, sai maganar mai nonon nan ta faɗo min. Na miƙe tsaye. Ruwa iya gwiwa. A hannuna kuwa takalmi ɗaya, na hagu.

Masunta suka yi ta dariya suna nuna ni. Na juyo na ga surukina, mutumin da tun da na auri ɗiyarsa ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba, ya riƙe ciki, rawani ya warware yana jan ƙasa. Na fito ina ɗiga, na tsuguna a gabansa da takalmin, na ce masa gaskiya. Ban taɓa zuwa nan ba sai yau, ban san hanya ba, babu masu wanki a ƙetare, ko kuma in akwai ni ban gan su ba.

Ya share hawayen dariya da bakin rawani. "Malam, wanda ka wanka nan kullum ba ya aje takalmi inda ƙasa ta jiƙe. Amma ni tun ga famfo na sani."

Ya shiga sake naɗa rawaninsa. Zancen waccan da yaro bai taso ba, ni kuma na ce a raina shi ke nan, na yi asarar takalmi na yi asarar iyali.

Muka yi salla a kan yashi. Muna idarwa wasu masunta da ke jan taru suka yafito ni, tun da na riga na jiƙe, in zo in kama igiyar tarun. Na kama. Ban ankara ba sai na ji mutum a bayana yana nishi, ashe tsoho ne, ya ɗaure rigarsa a ƙugu, ƙafa ba takalmi, yana ja yana amsa waƙar da bai san ma'anarta ba. Muka yi ta ja da baya har taru ya fito, kifi yana tsalle yana walƙiya kamar an zubar da sababbin cokula. Ashe al'adarsu duk wanda ya taɓa igiya yana da rabo. Aka miƙo mana manyan kifaye biyu. Wata mata da ke da murhu a gindin kwakwa ta karɓa ta gasa mana, ta haɗa da dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, da jan barkono niƙaƙƙe a ganye. Ta miƙo kashi biyu.

Muka tsaya, kowa da ganye a hannu, ƙamshi yana hawa, babu mai kallon wani. Kusa da mu akwai wani babban kwalekwale da aka jawo kan tudu, tsayinsa ya kai ƙirjina. Tsoho ya dube shi, ya ce shi zai zagaya wancan gefen ya ƙara kallon jiragen nan, ni in zauna nan in shanya rigata. Nasa kashin kuma zai riƙe wa iyalin fatoma.

Na zauna na jingina da katako. Na ci kifin nan kamar wanda aka sako daga kurkuku. Fatar ta ƙone ta yi ƙus-ƙus, cikin fari tas, ga tsamin dokunu. Sai na dangwali barkono da yawa. Wuta ta kama min harshe, hawaye ya zubo, ina son in yi tari ina dannewa don kada a ji. Daga bayan kwalekwale sai na ji wani tarin da ake dannewa, da jan hanci, da wani siririn salati. Muka yi ta fama, shi a can ni a nan, teku yana rufa mana asiri da rurinsa. Can na ga ƙwaryar ruwa ta bayyana a saman kwalekwalen, bakin laima yana turo ta a hankali zuwa gefena. Na sha rabi, na mayar. Da ya zagayo babu ganye a hannunsa, gemunsa yana ƙyalli, ya ce jiragen suna nan inda suke.

Na ba shi takalmina na taya, ni na taka da ƙafa. Kafin mu bar wurin ya bi bakin ruwa yana tsintar 'yan ƙananan ɓawon kifin teku, farare da masu ɗigo-ɗigo, yana zubawa a aljihu. Na san na jikansa ne. Raina ya ƙara ɓaci, don wanda ake kai wa tsaraba Tsafe, ai a Tsafe zai zauna.

Washegari na raka shi tashar jirgi, ina ɗauke da jakarsa. A ciki har da jan takalmin nan na hagu, wanda daga baya ya shekara da shekaru a rataye a zaurensa, duk baƙon da ya tambaya sai ya ce ɗan'uwansa ya tafi Ingila karatu. Ya shiga, ya sami wuri kusa da taga. Na tsuguna a ƙasa ina yi masa Allah ya kiyaye hanya. Sai ya zura hannu a aljihu, ya fito da ƙullin hankici, ya miƙo min ta taga. Ɓawon nan ne. Ya ce in ajiye wa yaron, babu amfanin a kai su Tsafe a sake dawowa da su. Bayan kaka ƙanensa zai sa waccan da yaron a jirgi a Gusau ya rako su. In nemi ɗaki mai taga ta gaskiya, kuma in kai waccan ta gaida mai shinkafa.

Na yi ta jera godiya ina kallon ƙasa. Jirgi ya yi kuka, ya fara motsi. Tsoho ya leƙo da kansa, ya gyara rawani, ya ce, "Malam, wanga kihi na jiya, naka ma da yaji hakanan?"